Kwana Ɗaya a Sawo Faulo da Maganar Ungulun Karar Wudil



Sa'ad da Sakatare ya aiko mini cewa kwamiti ya ba ni minti ashirin in faɗi abin da na gano a ƙasar Barazil, sai ya ƙara da sharaɗi guda, wai kada in cika wa jama'a kunne da maganar ciyawa da taki. Na karɓi sharaɗin. Saboda haka mako ukun da muka yi muna kwas a kan kiwon shanu zan bar su a rahoton da na miƙa wa ofis. Abin da na kawo muku labarin kwana ɗaya ne tak, wanda muka yi a kan hanya, da kuma wata tambaya da ta shafi garin nan namu, wadda malamanmu da ke zaune a sahun gaba za su fi ni iya amsawa.

A watan Yuli na 2024 ne ma'aikatarmu ta tura mu, mu uku, zuwa wani gari da ake kira Kampo Girande. Daga Kano jirgi ya fara kai mu Adis Ababa, watau sai da muka yi gabas sa'an nan muka juyo yamma, muka ratsa Afirka, muka tsallake teku, tafiyar wajen awa goma sha biyu ba sauka. Muka isa Sawo Faulo da la'asar. Jirgin da zai ƙarasa da mu kuwa sai washegari da daddare, don haka muka kama masauki kusa da filin jirgi. Mun baro damina a nan, can muka tarar da sanyi irin namu na Janairu, sai dai babu ƙura. Abincin da aka fara ajiye mana shinkafa da wake ne da garin rogo soyayye, har ɗaya daga cikin abokan tafiyata ya ce ashe wahalar banza muka sha, da Sabon Gari muka je.

Sawo Faulo ita ce birni mafi girma a Kudancin Amurka. Ƙidayar 2022 ta ba ta mutum fiye da miliyan 11 a cikin birni kawai, in aka haɗa da garuruwan da suka manne mata sun haura miliyan 20. Wani kogi mai suna Tiyete ya ratsa ta. Kogin nan yana da hali irin na namu. Mafarinsa bai fi 'yan kilomitoci daga bakin teku ba, amma sai ya ba teku baya ya nufi cikin ƙasa, kamar yadda Kogin Wudil, bayan ruwan Kano da na Calawa sun haɗu, yake bi ta Haɗeja da Gashuwa ya nufi Tafkin Cadi. Kamar namu kuma, abin da masana'antu da gidaje suka zubar shi yake ɗauka. Tun 1992 gwamnatinsu take kashe kuɗi a kan tsabtace shi, amma har ranar da na tsaya a bakinsa hanci ne yake fara sanar da mutum ya iso.

Da safe ma'aikacin masaukin ya ga muna zaune ba abin yi, sai ya rubuta wa direban tasi sunan wani wuri, ya ce mu je ba nisa. Wurin fadamar kogin ce. Hukuma ta keɓe ta, ta buɗe ta ga jama'a a 1982, ta hana gini a ciki, domin in kogi ya cika ya sami inda zai fantsama kafin ya shiga gidajen mutane. Babbar hanyar mota tana gefe ɗaya, unguwannin talakawa suna ɗaya gefen, jirage kuma suna wucewa ta sama ba ƙaƙƙautawa.

A nan na ga dabbar da suke kira kafibara. Ku ɗauki ɓeran Masar, wanda wasunmu suka kiwata a ɗakin kimiyya, ku hura shi ya kai girman tunkiya mai ƙiba, ku cire wutsiya, ku sa masa fata tsakanin yatsu irin ta agwagwa. To, ita ke nan. Duk dangin ɓera da gafiya da gyazbi a duniya babu wanda ya kai ta, babba takan yi kilo 50 ko 60. Na ƙirga sama da talatin a bakin wani tafki, iyaye da 'ya'ya, suna kiwo kamar awaki, masu keke suna wucewa ta gabansu, ko kai ba su ɗagawa. Abokin tafiyata, wanda ɗan gidan mafarauta ne, ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce, “Yallaɓai, wannan naman duk ba mai shi?” Muka sa waya ta fassara wa direba tambayar. Ya yi dariya, ya haɗa hannuwansa biyu kamar wanda aka sa wa ankwa. Tun 1967 dokar ƙasar ta mai da namun daji dukiyar hukuma, a 1998 kuma aka yi wata dokar da ta tanadi tara da ɗauri ga wanda ya kashe su ba izini.

Kada ku ɗauka zaman nasu babu matsala. Kafibara tana ɗauke da wata kaska mai sa zazzaɓi mai kisa, har an kafa alluna ana gargaɗin kada a zauna cikin ciyawa. A watan Yuni na 2023 mutum huɗu sun mutu da wannan zazzaɓi bayan wani biki da aka yi a wata gona a Kamfinas, garin da ba shi da nisa da Sawo Faulo. Duk da haka hukuma ba ta ce a fita a karkashe dabbobin ba. Yanke ciyawa ake yi, a sa shinge, a wasu wuraren a yi musu fiɗiya don kada su yi yawa.

Amma abin da ya tsaya mini a rai ba kafibara ba ce. Da na ɗaga kai sai na ga ungulaye. Baƙaƙe ne wuluk, sun ɗan fi tamu ƙanƙanta, suna kiransu urubu. Suna jewa a saman kogi, suna jere a kan fitilun titi, wasu suna tsalle-tsallen nan nasu a bakin juji. Masana sun ce ba dangi ɗaya suke da tamu ba, sana'a ce ta haɗa su kama. Mutanen garin ba sonsu suke yi ba: ma'aikatan filin jirgi suna fama da su don suna karo da jirage, makiyaya suna ƙarar suna taɓa ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. Masu kallon ƙwallo a cikinmu kuwa sun san kulob ɗin Flamengo na Riyo, wanda abokan hamayya suka riƙa zagin magoya bayansa da sunan urubu, su kuma suka ɗauki tsuntsun suka mai da shi tambarinsu. Ina tsaye a wurin na shiga lissafin rabona da ganin ungulu a Wudil, lissafi ya ƙi fita.

Yanzu ina so kowa a ɗakin nan ya yi wannan lissafi. Yaushe rabonka da ganin ungulu a Kara ranar Juma'a? Yaushe rabonka da ganinta a kan rufin mahauta? Ba na nufin wasu 'yan ajinmu da nake hange a baya, waɗanda kansu ya fara kama da nata.

Mu da muka yi firamare a ƙarshen shekarun 1990 mun riski ƙarshen abin. Muna ganinsu jefi-jefi a bayan rumfar mahauta, kafin mu gama sakandare sun zama abin nunawa da yatsa. Malamanmu da suka zo garin nan a shekarun 1970 da 1980 sun ga abin da ya fi haka nesa ba kusa ba. Tun da na dawo na tambayi dattawa da dama, mahauta da dillalai da masunta, maganarsu ɗaya ce: da can sai mahauci ya sa yaro da sanda yana kora kafin ya gama fiɗa, in kuwa jaki ya mutu a bayan gari da hantsi, kafin la'asar ƙashi ne zai rage. Harshenmu ma shaida ne. Muna cewa ungulu ba ta jewar banza, muna cewa an yi mini ungulu da kan zabo, muna cewa ungulu ta koma gidanta na tsamiya. Ɗana mai shekara bakwai ya iya karin maganar, amma tsuntsuwar a littafi ya san ta.

Ba Wudil kaɗai abin ya shafa ba. A 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittun da ke shirin ƙarewa ta sa irin ungulun nan tamu ta cikin gari a matakin ƙarshe kafin a ce ta ɓace daga daji. Binciken da aka dogara da shi ya nuna ta ragu da kimanin kashi 83 cikin 100 a tsawon zuriya uku nata. Ya kuma nuna cewa a cikin ungulayen da aka san dalilin mutuwarsu a Afirka, guba ta kashe wajen kashi 60, fatauci kuma wajen kashi 30.

Ina suka tafi? Akwai dalilan da ba laifin kowa ba ne. Mahauta ta canza. A da jini da tumbi da ƙashi zubarwa ake yi, yau ko ƙaho da kofato suna da mai saye, abincinta ya ragu. Akwai kuma bishiya. Ungulu ba ta sheƙa sai a kan doguwar bishiya, rimi ko maɗaci ko kuka ko tsamiya, kuma ƙwai ɗaya take yi a shekara. Ɗaya tak. In aka sare bishiyar don gawayi, ko aka hau aka ɗauke ƙwan, shekarar ta tafi a banza. Wanda ya san yawan rimin da ke tsakanin Wudil da Gaya a da, ya dubi abin da ya rage.

Amma babban dalili, a ganina, kuɗi ne aka sa a kanta. Kai da ƙafa da gashi da ƙwai duk ana saye don tsubbu, wai don sa'ar kasuwa, ko cin zaɓe, ko ganin abin da ke ɓoye, tun da ita tana hango mushe daga nesa. Wani bincike da aka buga a 2016 a kan kasuwannin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ya gano cewa kashi 73 cikin 100 na gawarwakin ungulu da shaho da danginsu da aka gani a kasa, a Nijeriya aka gan su. Da namu suka ƙare sai fatake suka shiga Nijar da Cadi da Burkina Faso. Zuwa farkon 2020, a ƙasar Gini Bisau, an tsinci ungulaye fiye da 2,000 a mace cikin 'yan watanni, an sa musu guba a nama, da yawa an yanke kawunan an tafi da su. Mai harbi da baka ɗaya zai samu a yini. Mai barbaɗa maganin ƙwari a kan mushe yana iya kwashe na gari guda kafin azahar. Mun san kuma wasu makiyaya da manoma sukan sa guba a mushe don kare ko dila, ba ungulu suke nufi ba, amma ita take fara sauka.

Doka muna da ita. Akwai dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963, akwai dokar soja mai lamba 11 ta 1985 a kan fataucin dabbobin da ke shirin ƙarewa, wadda aka gyara a 2016 aka ƙara tara. Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san nisan da ke tsakanin takarda da kasuwa. Direban tasin nan na Sawo Faulo bai karanta dokar 1967 ba, amma ya san akwai ankwa a bayanta. Birninsu bai fi namu tsabta a bakin kogi ba, talakansu ma yana jin yunwa. Bambancin da na gani shi ne an bar wa dabba fili, kuma ba a farautarta.

Wani zai ce, to, sai me? Tsuntsuwa ce mummuna mai wari, ta tafi ta huta mu huta. Amsar wannan tana Indiya, ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi kowa shanu. A farkon shekarun 1990 makiyayansu suka fara yi wa shanu allurar diklofenak, maganin ciwon jikin nan da ke kowane kemis a garin nan. Saniya in ta mutu da maganin a jikinta, ungulun da ta ci sai ƙodarta ta lalace cikin 'yan kwanaki. Ba a gano dalilin ba sai wajen 2004, aka hana amfani da shi ga dabbobi a 2006. Kafin nan aikin gama ya gama: wani irin ungulu da ake ƙirga shi da miliyoyi ya ragu da kashi 99.9 cikin 100 tsakanin 1992 da 2007. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru, masu shanu suka koma jefa gawa a kogi. A 2024 wasu masana tattalin arziki biyu, ɗaya daga Jami'ar Chicago, ɗaya daga Jami'ar Warwick, suka kwatanta gundumomin da ungulu take zaune a da da waɗanda ba ta zama. Ƙiyasinsu shi ne rashinta ya jawo mutuwar mutum wajen rabin miliyan tsakanin 2000 da 2005. Ƙiyasi ne, ana iya gardama a kan adadin. Ko kashi ɗaya cikin goma ne gaskiya, ya isa a tsaya a duba.

Dalilin kuwa ba boyayye ba ne, malaminmu na ilmin halittu zai gyara mini in na kauce. Cikin ungulu yana da tsami mai ƙarfin da yake kashe yawancin ƙwayoyin cutar da ke cikin mushe. Ita in ta ci, cuta ta tsaya a nan. Kare da ɓera da ƙuda in sun ci, gida suke kawo ta. Ga sauri kuma, abin da taron ungulu zai share cikin awa ɗaya ko biyu, karnuka sai su yi kwanaki suna ja suna watsawa.

Yanzu ku dawo da hankalinku Kara. Kasuwar shanun Wudil tana cikin manya a Arewa. Kowane mako dabbobi suna shigowa daga Barno da Yobe da Nijar, a ƙafa da cikin tirela, wasu sun kwana biyu a tsaye. Dole wata ta faɗi a hanya, dole wata ta mutu kafin wuƙa ta iso. Ina ake kai ta? Wanda ya bi bayan kasuwa ko gefen hanyar Maiduguri ranar Asabar ya san amsa, hancinsa ma ya sani. Ruwan sama na farko kuma duk kogi yake kai wa. Kogin nan shi masunta suke shiga, shi masu yashi suke nutso a ciki, shi ake ban-ruwan tumatir da alayyafo da shi, shi ƙauyukan da ke ƙasa da gada suke sha. A watan Yuli na 2023 hukuma ta tabbatar da ɓullar ciwon saifa, wanda likitoci ke kira antaraks, a wata gona kusa da Suleja. Cuta ce da ƙwayarta take shekaru a cikin ƙasa inda mushe ya ruɓe, tana kuma kama mutum. Garin da yake karɓar dabbobi daga ƙasa uku ba zai ce wannan labarin nesa ne ba. Ma'aikaciyar tsabtar da take yi mana aikin nan kyauta, ba albashi ba fansho, mun bari an sayar da kanta, ba mu kuwa ɗauki wani a gurbinta ba.

Ba na zo in ce ƙungiyarmu za ta dawo da ungulu ba. Tsuntsuwar da take ƙwai ɗaya a shekara ba ta dawowa a zangon shugabanci ɗaya. Abin da nake roƙon kwamiti ya duba ƙarami ne, bai kai kuɗin fentin da muka yi wa ɗakin taro ba.

Mu saya wa kulob ɗin kimiyya na makaranta madubin hangen nesa guda biyu da littafin rajista. Kowace Juma'a bayan an sauko, ɗalibai huɗu da malami ɗaya su je Kara da mahauta da bakin gada, su rubuta abin da suka gani: ungulu nawa, shirwa nawa, hankaka nawa, karnuka nawa, mushe nawa kuma a ina. In sifiri suka gani su rubuta sifiri, shi ma adadi ne. Bayan shekara guda muna da abin da za mu ajiye a gaban Shugaban Ƙaramar Hukuma da likitan dabbobi mu nemi a haƙa ramin binne mushe nesa da kogi, da hujja a hannu. Jami'ar Kimiyya da Fasaha tana nan cikin garinmu, akwai 'yan ƙungiyar nan da suke koyarwa a can, su taimaka wa yaran da tsarin ƙirga. Ɗaliban kuma su zauna da Sarkin Pawa da Sarkin Ruwa da tsofaffin mafarauta, su rubuta abin da suka sani tun suna da rai: wace bishiya ce ake sheƙa a kai, wace shekara aka daina ganin kada a ƙarƙashin gada, yaushe shamuwa ta rage sauka a cikin gari.

Sa'an nan bishiya. Duk shekara muna dasa darbejiya da turare don suna saurin girma. Bana a sa rimi da tsamiya da maɗaci ko guda ashirin ne a bayan filin ƙwallo, kowane aji da ya fita ya ɗauki nauyin guda biyu da shingensu. Ni na ɗauki na ajinmu, na kuma riga na gaya wa Ma'aji. 'Yan'uwanmu likitocin dabbobi da masu shagon magani, akwai wani maganin mai suna meloksikam da aka gwada aka ga ba ya cutar da ungulu, shi Indiya ta koma wa. In makiyayi ya zo neman na ciwon jiki, a miƙa masa shi.

Akwai ranar ungulu ta duniya, Asabar ta farko a watan Satumba. In kwamiti ya yarda, ranar ce ɗalibai za su karanta mana abin da suka ƙirga.

Abu na ƙarshe, wanda ya san inda wata ungulu take da sheƙa a ƙasar Wudil ko Garko ko Gaya, don Allah ya gaya wa malamin kimiyya shi kaɗai, baki da baki. Kada a ɗauki hoto a sa a zauren WhatsApp na ƙungiya, domin masu sayen kan su ma suna da waya.

Shugaba, na ga Sakatare yana nuna mini agogo.